Kun Aiko Wa Ɗana Surukinsa

Zuwa ga Babban Lokotoro mai kula da horon masu taimakon lafiya na ƙauyuka,

Gaisuwa mai yawa tare da ladabi. Ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen buro, wato ofishinka. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Badaguishiri. Na rubuta wannan a buɗe ne domin duk zuwan da na yi buronka ana ce mini kana rangadi, ga alama kuma rangadin bai biyo ta wajenmu ba.

Na ɗaya. Bara kun aiko cewa kowane ƙauye ya ba da mutum guda a kai shi Illela horo. Za a koya masa ba da kinin, wato ƙwayar magani, da wanke miki, da kuma zama da samarin da damuwa ta kama tun da fari ya cinye gero da bisashe. Kun ce a zaɓi dattijo wanda ake jin nauyinsa. Maigari bai kauce ko kaɗan ba, ya ba da Malam Alu. Ba ni da abin faɗi a kan halinsa, mutumin kirki ne. Sai dai Allah ya azurta shi da 'ya'ya mata, ya kuma aurar da su duka a cikin gari. Samarin da ba sa auren 'yarsa suna neman 'yar ƙanensa. Nauyi kam ana jinsa, har ya fi yadda kuka nema.

Na biyu. Ɗana na cikin masu auren 'yarsa. Ɗan farina ne, don haka ba zan rubuta sunansa ba, ko a gida ban taɓa kiransa da shi ba. Awakinsa sun mutu a gabansa, ya tafi cin rani Sakkwato, ya dawo ba baki. Ya bar zuwa dandali, ya bar cin tuwo, yana wuni bayan rumbu yana kallon ƙasa.

An koya wa Malam Alu ya zauna kusa da mai damuwa, ya dubi idonsa, ya tambaye shi abin da ke ransa. Ranka ya daɗe, a nan idan mutum ya hango surukinsa a hanya, hanyar yake sakewa. In abin ya zo ba zato, ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ido a ƙasa. Saboda haka duk ranar da Malam Alu ya yi sallama da akwatin maganinsa, yaron da bai iya ɗaga ludayi ba sai ya tsallake darni. Da aka samu aka tare shi, ya durƙusa ya ce lafiya lau. Malam Alu, wanda shi ma bango yake kallo, ya yi hamdala, ya ajiye masa kinin ya fita. Na ji ya shaida muku samarin ƙauyenmu duk lafiya suke. Bai yi ƙarya ba, haka suka gaya masa.

Kada a ce me ya hana ni tambayarsa da kaina. Tsakanin uba da ɗan fari ma kunyar ce, uwarsa kuwa ta fi ni. Muna zaune gida ɗaya, muna jin tarinsa, muna aika ƙanwarsa ta dubo. Wannan abu yana cin raina ƙwarai.

Na uku. Mutum ɗaya yake buɗe wa baki, Isa ɗan ƙanwata, taubashinsa. Isa yakan shigo ya kira shi rago, ya fizge ƙwaryar furarsa, shi kuma ya fizgo ya shanye don haushi. A gaban Isa yake magana, a gabansa yake kuka. Amma Isa bai san abin da zai yi da abin da ya ji ba, bai san lokacin da ya kamata a sa mutum a mota zuwa asibiti ba. Da na kai sunansa, ma'aikacinku ya ce dariyarsa ta yi yawa, kuma ba shi da gemu.

Ga roƙona. A bar wa Malam Alu akwatinsa, ya iya wanke miki. A horon da ke tafe a ɗauki saurayi da budurwa daga kowane ƙauye, waɗanda tsaransu ba sa tuɓe musu takalmi. A namu ƙauyen a fara da Isa.

Ina roƙon a hanzarta, domin ina jin tsoro. Kwanan baya an tsinci yaron shi kaɗai a bakin rijiya yana leƙawa, ba guga a hannunsa. Yayyena sun yanke shawarar a sa masa mari a ƙafa. Na roƙe su su dakata har a gama roron wake, suka yarda, amma maƙeri ya riga ya zo ya auna ƙafarsa. Yaron da kansa ya miƙa masa ita.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara girma, ya raya maka zuriya. Allah kada ya nuna maka ranar da za a auna ƙafar ɗanka kana tsaye.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Uban yaron