Saiwar Baba da Na Ƙona

Anti, don Allah ki taimake ni. Wata uku ke nan ina ɗauke da wani abu a ƙirjina, na kasa faɗa wa kowa.

Shekarata ɗaya da aure. Maigidana tela ne, yini yake a shago, mahaifinsa kuma yana zaune tare da mu a ɗakin da ke jikin kicin. Tun rasuwar matarsa, Mama, Baba ya daina cin abinci, hawan jini ya kama shi, ya koma kallon bango. A asibiti aka ba shi ƙwayoyi. Shi kuma ya aika aka kira masa wani tsoho mai magani, abokinsa tun suna samari. Tsohon ya kawo saiwoyi a ƙunshe cikin takarda, ya ce a dafa a riƙa ba shi rabin kofi kowace safiya. Ƙwayar da saiwar duka a hannuna aka damƙa su.

Ni mayyar littattafan soyayya ce, ba zan ɓoye miki ba. Ranar farko na juye saiwar duka a tukunya na ɗora a wuta, na ce bari in ƙarasa babi ɗaya. An zo daidai inda saurayin ke bin motar masoyiyarsa da gudu cikin ruwan sama. Ƙauri ne ya dawo da ni duniya. Saiwa ta zama gawayi. Tsoro ya kama ni, na dafa ganyen shayi da citta da ɓawon lemo, ba sukari, na kai masa. Ya shanye, ya yamutsa fuska, ya sa mini albarka. Tun daga ranar shi nake dafa masa kowace safiya a matsayin saiwa.

Na lallashi kaina da cewa ai a littafi duk mai irin wannan sana'a mugu ne mai jajayen idanu, ƙila ma ceton Baba na yi. Amma wannan tsohon ba haka yake ba. Duk mako yana zuwa, su zauna a tabarma, ya yi ta jansa da hira har Baba ya ambaci Mama ya yi kuka, su yi mata addu'a, sannan su ci abinci kwano ɗaya. Sau biyu ya sake kawo saiwa, na tura ta ƙarƙashin littattafaina a akwati don kada Baba ya ji ɗanɗano ya canza. Har yaba ni tsohon yake yi, wai hannuna na da albarka. Kamar in nutse nake ji don kunya.

Yanzu Baba ya miƙe, har shago yake takawa. Jiya ya ce tunda saiwa ta yi aiki, da ƙwayoyin nan sun ƙare ya gama da asibiti. Na ƙirga, saura shida. In na yi shiru ya daina sha wani abu ya same shi, ni ce. In na faɗa, da wane ido zan kalle shi?

Mai Ƙonanniyar Tukunya

*

Ƙanwata, share hawayenki. Ƙona tukunya ba laifi ba ne, kowace mace ta taɓa yi. Laifin shi ne shirun wata uku, kuma ke ma kin sani, shi ya sa kika rubuto.

Ki yi wa kowa adalci. Ƙwayar ce, da ikon Allah, ta riƙe jinin Baba, kuma hawan jini ba a daina shan maganinsa don an ji daɗin jiki. Amma ba ƙwaya ce ta sa ya koma cin abinci ba. Wannan aikin abokinsa ne, wanda ya san inda ciwon zuciyarsa yake, ya zauna da shi har ya huce. Akwai macuta a cikin masu magani, akwai kuma irin wannan. Da ido ake bambance su, ba da littafi ba.

Kada ki jira ƙwaya ta ƙare. Yau ki gaya wa maigidanki, ki fito da saiwar ki ajiye a gabansa. Gobe ku je wurin tsohon tare, ki ba shi haƙuri, ku roƙe shi ya gaya wa Baba da bakinsa kada ya bar ƙwayarsa, don maganarsa Baba zai fi ji. Saiwar kuma kada ki fara dafa ta yanzu don wanke laifi. A nuna wa likita tukuna, domin wasu tsirrai ba sa jituwa da ƙwaya.

Sai ki durƙusa gaban Baba ki faɗi gaskiya, a gajarce, ba kamar a littafi ba. Zai yi fushi, ƙila ya kwana biyu bai amsa gaisuwarki ba. Ki jure. Gara ya yi fushi da ke yana takawa zuwa shago.

Littafinki kuwa ba na hana ki, amma sai an sauke tukunya. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sanyaya miki zuciya.