Bakwai Ɗin da Nake Mayarwa Ɗaya

Assalamu alaikum Anti, ina gaishe ki da masu karatu. A sakaya sunana, kuma don Allah ku kai ƙarshe kafin ku zage ni, don na riga ku zagin kaina.

Ni 'yar unguwar Dilimi ce a nan Jos. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na shiga makarantar manya na koyi karatu da lissafi. Da wani ƙaramin kamfanin jirgin sama ya buɗe hanyar Jos zuwa Kano, manajarsu ta nan, Madam muke ce mata, ta ɗauke ni daga shara ta ɗora ni kan sikelin kaya. Manyanta na Legas sun ƙi, ta kafe, ta ce in ana so jirgi ya zauna a gari to 'yan garin ne za su riƙe shi.

To matan unguwarmu da suka gaji da fargabar hanya sun koma hawa jirgi, kowace da buhun dankalinta. Matar da kuka yi talla tare a Titin Bauchi ta tsaya gabanki ta ce "Yaya, a duba mu," ina za ki sa fuskarki? Sai na fara rage musu nauyin kaya a takarda don kuɗinsu ya ragu, kilo ashirin da bakwai ya koma ashirin da ɗaya, yau mutum biyu, gobe goma. Ba abin da suke ba ni, so nake kawai a ce na isa. Ran nan matuƙin ya dawo rai a ɓace, ya ce da ƙyar jirgin ya ɗaga, an sake auna kayan a Kano lissafi bai yi daidai ba. Madam ta kare ni gaban kowa, ta ce bakwai ɗina ne ke kama da ɗaya, haka hannun wanda ya koyi rubutu da girma yake. Har rantsuwa ta yi, na kuwa bar ta. Wallahi bakwai ɗina har sanda nake gitta masa, malamarmu ta sha nuna wa aji shi.

Yanzu Legas sun ce laifinta ne da ta ba jahila sikeli. Ranar Litinin za a zauna a kanta, kuma an dakatar da ɗaukar mata uku 'yan ajinmu da ta yi wa alkawari. Jiya ta dafa ni ta ce, "Mama, kar ki ji kunya, kuskure ne, ni zan tsaya miki." Na kasa ɗaga ido.

In na yi shiru, ita za ta tafi, mu kuma mun tabbata jahilai. In na faɗa, ta san da gangan na yi wasa da rayukan mutane, na kuma bari ta rantse a kaina. Me zan yi?