Rasuwar Injiniya Philemon Andrawus, Mai Shaidar Gonakinmu

Litinin, 20 ga Nuwamba, 2023

Cikin alhini, da kuma takaicin da muka gaji da haɗiyewa, Ƙungiyar Manoman Bakin Daji ta Birnin Gwari ke sanar da jama'a cewa ta samu labarin rasuwar ɗanta kuma mashawarcinta, Injiniya Philemon Andrawus, wanda 'yan bindiga suka harbe ranar Asabar a hanyar Kazage, hanyar da muka yi shekaru muna roƙon a tsare mana, ana ce mana ana dubawa.

Marigayin masani ne kan na'urorin tauraron ɗan'adam masu auna zafin ƙasa da yawan hasken ranar da take mayarwa sama. Gonar da aka share takan fito da zafi da haske a hoto, inda tsiro ya rufe kuwa ya fito da sanyi da duhu. Da hotunan suka nuna filayen Damari da Dogon Dawa na ƙara sanyi kowace shekara, masu rubuta rahoto a birni suka yi ta murna wai daji na farfaɗowa, har aka fara zancen haɗe filayen da gandun daji. Shi kaɗai ya miƙe a taro ya shaida musu cewa wannan ba sanyin daji ba ne, sanyin kufai ne: gonakinmu ne da aka kore mu daga cikinsu, sabara ta cinye.

Tabbatar da hakan kuwa sai mutum ya tsaya cikin gonar da ma'auninsa da hantsi, daidai lokacin da tauraron ke wucewa, ya kuma ɗauki hoton tsofaffin kunyoyi. Mu dattawa mun sha hana shi zuwa gonakin saboda 'yan bindiga, yakan yi dariya ya ce tauraro ba ya jiran a samo rakiya.

Ƙungiya na miƙa ta'aziyyarta ga maiɗakinsa, Madam Susan, da 'ya'yansa Mercy da Praise, da ɗaukacin dangi. Allah Ya ba shi hutawa, Ya ba su haƙurin jure wannan rashi, Ya raya abin da ya bari.

Tauraron ya wuce ranar Asabar a kan lokacinsa. Gonar Kazage da ya nufa a ranar ta sake fitowa da sanyi, kuma mutumin da zai tsaya a cikinta ya ce gona ce ya rasu.

Sa hannu:
Alhaji Yusha'u Bakoji
Kakakin Ƙungiyar Manoman Bakin Daji ta Birnin Gwari