Tambaya Kafin Ranar Gudu

Quito

Mama,

Ki sa mini albarka. Ina fatan ke da ƙanwata Yajaira da yara kuna lafiya, kuma zafin Maracaibo yana barinku ku runtsa. Ni ma lafiya lau, aikin gidan burodi yana tafiya.

Kin tuna abokina Wilfrido, wanda ya ba ni masauki da na zo? 'Yarsa Nayeli tana fama da ciwon ƙoda, shi ya sa muka shiga gudun fanfalaki na wata mai zuwa don tara wa asibitin yara taimako. Kullum da asuba muke atisaye. Garin nan bisa duwatsu yake, ba kamar namu na bakin ruwa ba, iskarsa ba ta ƙosar da mutum.

Ranar Lahadi muna hawan tudu sai ƙirjina ya ɗaure, hannuna na hagu ya yi sanyi. Na durƙusa kamar mai gyara takalmi. Wilfrido ya waiwayo yana dariya: "Tashi, raggon bakin ruwa! Nayeli har ta zana kwali da sunanka." Na tashi. Ban gaya masa ba, da wane baki?

Kada ki damu, wataƙila iskar ce kawai. Amma tun ranar, in na kwanta sai in dafa ƙirji ina saurare. Bana na kai shekarun da Baba yake da su lokacin da ya rasu.

Ki gaida Gwaggo Zulay, ki kunna mini kyandir a coci.

Mama, ban taɓa tambayarki ba. Kafin Baba ya faɗi a filin ƙwallo, ya taɓa yi miki kukan hannunsa? Ki faɗa mini gaskiya, don Allah, kafin ranar gudun.

Ɗanki,
Eudomar