Ƙasar da na ƙirƙira ta zama sunan surukata

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗaure. A kantin magani nake aiki. Idan babu masu saye nakan rubuta labarin wata duniya ta daban, in tura zauren danginmu na waya. A ciki akwai ƙasar wasu masu dogayen kunnuwa da ba sa mayar da abin aro. Kwana uku ina juya haruffa a bayan kwali kafin na sa mata suna Dungulma. Wallahi daga kaina na fitar.

Ashe Dungulma laƙabin surukata ne na yarinta, shekara hamsin ba wanda ya isa ya furta. Yanzu jikokinta na zagaye falo suna waƙar sai an rusa Dungulma. Ta aiko min da turmina da ta ara bara, ko gaisuwa babu. Maigidana ya daina haɗa ido da kowa.

Na sauya sunan zuwa Zarkabu. Washegari mai facin taya na bakin layinmu ya zo da allon shagonsa a kafaɗa, ga sunan ɓaro-ɓaro. Shi bai yi fushi ba, so yake a naɗa shi sarki, kuma ƙasarsa ta ci yaƙi. Da na gwada na uku, maƙwabciyata ta toshe wa 'yarta kunne, wai a yarensu ko mahaukaci ba ya faɗar kalmar. Anti, in haƙura da rubutun ne?

Mai Biro a Kantin Magani

Ƙanwata, kada ki ajiye biro. Ba ki yi da gangan ba, amma surukarki ma tana da gaskiya: dariyar da ta binne tun tana yarinya ce ta dawo ta bakin jikokinta. Ki je da kanki ki durƙusa, ba tare da dogon bayani ba. Turmin kuwa ki mayar mata, ki ce kyauta ne.

Nan gaba, kowane suna ki bincika shi a waya, sannan ki furta shi a gaban dattijuwar gida, ɗan kasuwa, da mai jin wani yare. Fuskokinsu za ki duba, ba amsarsu ba. Wanda aka yi shiru bayansa, ki jefar.

Mai faci kuma kada ki ba shi sarauta, gobe zai nemi a sa ƙaninsa waziri. Ki ba shi gadin ƙofar birni, ya mutu da jarumta a babi na biyu.

Allah ya daidaita ku, ya ƙara basira.