Yadda Baba Arzika Ya Buɗe Baki

Daren Laraba, Tambuwal

Alhamdu lillahi! Hanyar nan ta farfasa mini jiki, amma dariya ta hana ni kwanciya.

Sau fuɗu ina zuwa ƙauyenmu da saƙon ƙungiyarmu ta adana tarihi, sau fuɗu Baba Arzika yana cewa ya manta komai. Shi kaɗai ya rage cikin waɗanda suka haƙa tsohuwar rijiya, ga tari ya sa shi gaba. Kullum tsorona a kira ni jana'iza.

Yau na daina roƙo. Na kunna masa rikodata ya ji muryar Baba Ladan, abokin wasansa na Sanyinna, inda yake cewa mutanensu ne suka haƙa mana rijiyar.

Tsoho ya zabura, ya ture ƙwaryar fura. "Ladan? Mi yas sani? Shina goye sa'adda munka gina ta! Kunna abin ga naka, ɗana!"

Har la'asar yana jero sunayen abokan aikinsa, ina ɗauka. Da zan tafi ya riƙe hannuna: "Ka kai ma Ladan shi ji. In ya musa, ka dawo."

Gobe Sanyinna zan nufa. Allah Ya sa ya musa!