Hannun Hagu da Hular Jariri

Litinin, 3 ga Fabrairu
Tun da shanyewar ɓarin jikin nan ta same ni, hannun hagu ya zama baƙo. Yana motsi, amma ba ya ji. Yau na riƙe kofin shayi, sai da fatar ta yi ja na san da zafi.

Alhamis, 6 ga Fabrairu
Jikata ta zo, ciki ya yi gaba. Duk jaririn gidan nan hular da na saƙa ya fara sawa, tun daga kan ubanta. Wai, "Kaka, kar ki ce nawa ne zai sa ta kanti." Na ce ta kantin ma ai kai take rufewa. Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Talata, 11 ga Fabrairu
Na ɗauko kwarashi. Ashe ba dama ke saƙa ba, ita juya ƙugiya kawai ta sani. Ɗan yatsan hagu ne ke jan zare, ya matse, ya sassauta. Shekara da shekaru yana yi, ban taɓa sanin yadda yake yi ba. Yanzu zare ya zame ban ji ba. Abin da ya fito kamar ɓera ya ci ya rage.

Asabar, 15 ga Fabrairu
Likitar da ke motsa min hannu ta ba ni jan zare mai kauri da kaushi. "Mama, ki sa ido. Abin da fata ta daina gaya miki, ido zai gaya miki." Na zuba wa yatsan ido. Da na kalle shi sai ya daburce, kamar ɗalibin da malami ya tsaya a kansa. Wuya ya ƙage. Na warware.

Lahadi, 16 ga Fabrairu
Na warware.

Juma'a, 21 ga Fabrairu
Marigayi maigidana yakan ce ko barci nake ina saƙa. Gara da bai ga wannan ba. Na kira jikata na ce ta sayi ta kanti. Ta ce, "To, Kaka." Na wurga kwarashin ƙarƙashin gado.

Lahadi, 2 ga Maris
Tsintsiya ta jawo shi tun wancan makon. Kullum ina yi ina kallo, ina warwarewa. Ba don komai ba, zaman ne ya yi yawa. Ido ya gaji, yatsa bai koyi komai ba.

Laraba, 5 ga Maris
Maƙwabciyar nan mai bakin tsiya ta shigo ba gayyata, ta baje a kan tabarmata da labarin faɗanta da surukarta a kan famfo. Kwarashi na hannuna, ina kallon bakinta ina tsine mata a raina. Sai ta yanke magana: "Ke tsohuwa, ashe ciwon ƙarya kike!"

Na duba cinyata. Layi ya tafi sumul, babu rami. Ban san sa'ad da aka yi shi ba. Ina kallo yatsan ya tsaya cak.

Har yanzu fatar ba ta jin komai. Kuma ƙasan hular a karkace yake. Ban gaya wa jikata ba, me zan ce?

Na dai ce wa matar ta dawo gobe ta ƙarasa min labarin famfon. Ni da ko muryarta ba na so.